Kaset-kaset ɗin Babanmu: yaya zan juye su a kwamfuta?

Mai tambaya, daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kamara Sony Handycam da kwali cike da ƙananan kaset-kaset. Akwai bikin yayata, sunan ƙannenmu, kokowar da ya ɗauka a fili, sai kuma guda wanda kakarmu take zaune tana ba da tarihin gidanmu tun tasowarsu daga ƙauye. Wannan ɗin ne ya fi damuna, don babu muryarta ko'ina sai a cikinsa. Kamarar tana tashi in an jona ta da wuta, batirin ne ya mutu. Na haɗa ta da kwamfutata ta hannu da wayar USB, ba abin da ya fito. A jikin mafi yawansu an rubuta Hi8, wasu ƴan mitsitsi kuma MiniDV. Ta ina zan fara?

Mai gyaran talabijin, kasuwar Katako, Yamai:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan Alhaji. Kafin komai, duba gindin kowane kaset, akwai ɗan makulli da ake turawa gefe. Ki tura shi, don kada hannu ya taɓa maɓallin ɗauka a shafe abin da ke ciki. Kuma ki daina kunna su don kallo. Zaren ya sha zafi da ƙurar Adar, yankinku na Tawa, shekara da shekaru, tsohuwar kamara tana iya cinye shi.

Iri biyu gare ki, kuma kamara ɗaya ba ta karanta su duka. Hi8 ya fito a 1989, MiniDV a 1995. Wanda ya shiga kamarar Alhaji shi ne nata, ɗayan sai an nemo masa tasa. Ramin USB da kika gwada, a yawancin kamarorin wancan zamani na kwashe hotunan da ke kan katin ajiyar kamarar ne, ba na kaset ba.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Yamai:
Gaskiya Baba ya faɗa. Hajiya, na Hi8 sai da ɗan na'urar da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, ɗaya bakin kuma USB. Ki tambayi masu kayan kwamfuta a Babbar Kasuwa, da yawa sun san ta da EasyCap. In kamarar tana da ramin S-Video, wani ramin fitar da hoto, ki yi amfani da shi maimakon rawayar, launi ya fi fita tas. Ki sauke OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyo a kwamfuta, kyauta ce, ki zaɓi tsarin hoto na PAL, girma 720x576, hoto 25 a daƙiƙa. In daga Amurka aka kawo kamarar, to tsarinta NTSC ne, shi za ki zaɓa. Ba a gaggauta shi: kaset na awa ɗaya, awa ɗaya za ki zauna.

MiniDV kuwa hanyarsa FireWire, wani irin rami da waya na haɗa kamara da kwamfuta, wanda Sony ke rubuta wa i.LINK. Hoton yana wucewa yadda yake, ba ya raguwa, amma awa ɗaya tana cin kusan giga 13. Sababbin kwamfutocin hannu ba su da ramin, sai a sa katin FireWire a kwamfutar tebur. Don Allah kada ki sayi wayar nan mai FireWire a baki ɗaya, USB a ɗayan. Ba ta aiki, asarar kuɗi ce.

Wani ɗalibi:
Anti, me zai hana ki jona kamarar da talabijin ki ɗauka da waya? Ya fi sauƙi.

Mai ɗaukar bidiyon biki:
Ƙanena, in babu wata hanya sam, ya fi babu. Amma hoton zai riƙa rawa, sautin kuma ya haɗu da hayaniyar gida. Muryar tsohuwa ake son cetowa, bai kamata a yi mata haka ba.

Wata uwa, Tawa:
Ɗiyata, ni ban san na'ura ba, amma ga tawa. In har za ki kai wa mai shago, kada ki bar masa kwalin ki tafi. Bidiyon biki akwai mata a cikin gida ba lulluɓi, wasu sun rasu, wasu suna gidan aure. Ki je da ɗan uwanki, a juye a gabanku, a goge daga kwamfutarsa. Kuma ki shawarci yayarki kafin nata ya shiga WhatsApp na dangi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Mama, wallahi wannan bai zo mini ba. Hi8 ne ke shiga kamarar. In na gama, a kilen USB ɗaya zan ajiye?

Mai gyaran talabijin:
A'a, wuri biyu aƙalla, ɗaya a wani gidan. Tsarin ajiyar kilen ya zama exFAT, don tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. Kaset ɗin ma ki adana su a tsaye cikin gidajensu, ɗaki mai sanyi, nesa da sifika. Ranar aikin ki zaɓi lokacin da wuta ta zauna, tunda babu batir, yankewarta na iya barin zare a naɗe cikin kamara. Ki tura kowane kaset har ƙarshe ki dawo da shi kafin ki kunna. Ki fara gwaji da na kokowa. Sai kin ga hoto da sauti sun daidaita sannan ki sa na kakarku.