Ƙaiƙayi da gyambon gaba wanda ba ta saduwa aka ɗauka ba, kowa ta kawo nata

Maman 'Yan Biyu, Jekadafari:
Salam 'yan uwa. Abu ne ya daɗe yana cina a rai. Bara cikin zafin nan na watan Afrilu gabana ya kama ƙaiƙayi, na yi ta susa har fatar ta saɓule ta zama gyambo, in fitsari ya taɓa wajen sai na rintse ido, ni kuwa zuciyata ba inda ta tafi sai kan baban yara tunda direba ne, kwana uku huɗu yana hanya, wallahi sati biyu ko gaisuwar kirki ba na yi masa. Da ƙyar na daure na je asibiti aka ɗebi jini da ruwan wajen, ba a ga cutar saduwa ko ɗaya ba. Likitar ta ce me kike sawa a wajen? Na lissafo mata Dettol a ruwan tsarki, sabulu mai ƙamshi, tsuguno da turaren wuta kusan kullum, ga wandon roba cikin wannan gumi na Gombe. Ta ce in ajiye su duka, ruwa zalla, wandon auduga, in riƙa tsane wajen da tawul ba gogewa ba. Kwana goma na warke. Alhakin bawan Allahn nan da na ɗauka shi ya sa na kawo maganar, dan Allah duk wacce ta taɓa gamuwa da irin haka ta faɗa mana.

Amaryar Bana:
Anty ni bayan na gama shan kafso na taifot nawa ya taso, farin abu guda guda kamar nonon da ya tsinke, ba wari amma ƙaiƙayin ba a cewa komai. Ashe antibayotik ɗin ne ya kashe ƙwayoyin da ke tsaron wajen sai kandida, ƙwayar cutar da ke kawo wannan farin abu da ƙaiƙayi, ta samu fili. Clotrimazole na matsawa aka rubuta min.

Hajiya ta Pantami:
Ɗiyata in ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, ki je a auna miki suga. Ni shekara guda ina fama, na sha sassaƙe na zauna cikin ruwan bagaruwa duk a banza, ashe ciwon suga ne. Sai da sugan ya sauka na samu barci.

Matar Malam, Bolari:
Mu a gidanmu maigida ne ya gamu da shi, ni aka so a zarga. Duk sanda ya sha Septrin kafin kwana ɗaya biyu sai leɓensa da kan gabansa su yi ja su tashi kamar ƙuna, in ya warke ya bar baƙin tabo, kuma daidai wajen da ya fito wancan karon nan yake sake fitowa. Sau uku ana haka kafin wani likita ya tambaye shi wane magani ya sha. Jininsa ne bai haɗu da maganin ba, tunda ya daina bai sake gani ba, yanzu ko kemis ya shiga shi yake fara faɗa.

'Yar Dadin Kowa:
Ku ƙara da tsargiya. Mu da muka tashi muna wanki da wanka a ruwan dam, fitsarin jini ba baƙon abu ba ne a wajenmu, amma ban taɓa sanin ƙwan tsutsar yana zama a gaban mace ba sai bayan aurena, ga zafi ga ɗigon jini ga ƙananan gyambuna a ciki, an yi ta ba ni maganin sanyi ba sauƙi. Praziquantel aka ba ni bayan an auna nauyina.

Nas ce, Tudun Wada:
Duk abin da kuka faɗa muna gani a wajen aiki, har da masu aske wajen da reza a bushe gashi ya koma cikin fata ya yi ƙurji kamar maruru. Abin da ke damuna shi ne man shafawa irin su Funbact-A da ake saya ba takardar likita, akwai sitiroid a ciki, wato sinadarin da ke danne ƙaiƙayi da kumburi, kwana biyu za ki ji daɗi amma in an daɗe ana shafawa fatar wajen sirancewa take ta riƙa tsagewa. Sannan dan Allah kar wata ta karanta nan ta yanke wa kanta hukunci cewa nata sabulu ne. Gyambon tunjere yawanci ba ya ma zafi, da ido ba a rabewa, sai gwaji. In gyambo ya kai sati biyu bai warke ba, ko da zazzaɓi, ko kaluluwa a matsematsi, ko yana fitowa tare da na baki yana maimaitawa, ko kina da ciki, kar ki tsaya kemis.

Maman 'Yan Biyu, Jekadafari:
Sista wannan man yanzu haka ƙanwata shi take shafawa, ya fi wata biyu, kuma nata da na baki yake zuwa mata. Bari in kira ta, gobe in sha Allah da kaina zan raka ta.