Shokazobar bayan kekena tana nutsewa har ƙarshe: in canza ta ko saiti ne?

Ɗan Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da na sayi keken hawan dutse na hannu, mai shokazoba gaba da baya. Ta bayan RockShox Monarch ce mai iska, an rubuta 190x51 a jikinta. Nauyina kilo 82. Duk Asabar bayan sallar asuba nakan bi hanyar Gwarzo, in na wuce sabuwar BUK sai in ratse cikin gonaki wajen Janguza. To da na faɗa rami ko na tsallake kunya, sai bayan keken ya nutse gaba ɗaya, in ji ƙwas, ƙuguna ya amsa. Na kai wa mai faci ya ƙara mata iska, yana zare tiyo ta ma fi da laushi. Yanzu wani zai sayar min da wata shokazoba ta kamfanin Fox, 200x57, mai kyau. In saya? Wallahi keken nan ya shiga raina, ba na so in lalata shi.

Tsohon mahayi, Hotoro:
Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Injin mai faci na taya ne. Cikin shokazoba ɗan ƙarami ne kuma matsi mai yawa take so, shi ya sa 'yar iskar da ta tsere wajen zare tiyo ta kwashe maka kusan komai. Famfonta daban ne, siriri mai agogo, yana kai psi 300 (psi ma'aunin matsin iska ne). Shi za ka fara nema.

Kilo 82 kusan fam 180 ne, to fara da psi 180, daidai da nauyinka a fam. Kada ka ɗura gaba ɗaya. Duk psi 50 ka tsaya ka danna sirdi sau biyar ko shida don iskar ta daidaita a ɓangarori biyu na ciki. Sai ka tura zoben robar da ke jikin sandar shokazobar ya manne da bakin gwangwanin iskar, ka hau a hankali da kayan da ka saba fita da su, har gorar ruwa, wani ya riƙe maka kan keken. Ka sauka ba tare da ka girgiza shi ba. Abin da zoben ya matsa shi ne nutsewarka. Ana son kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyar sandar, a taka mai milimita 51 wajen milimita 13 zuwa 15 ke nan. Duba da kyau, RockShox kan zana waɗannan alamomin a jikin sandar.

Bayan nan sai maɓallin nan ja na jikinta, shi ke da ikon saurin dawowarta. Gefe ɗaya zomo, ɗayan kunkuru. Sauko daga gefen titi kana zaune: in ta cilla ka sama, juya wajen kunkuru ƙas ɗaya, in ta yi nawar tasowa, koma wajen zomo. Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda, kana rubutawa.

Bakanike, Kofar Ruwa:
Malam, Fox ɗin nan ba ta kekenka ba ce ko da kyauta ce. 190 shi ne tsawon daga ramin ƙusa zuwa ramin ƙusa, 51 kuma tafiyar sanda. Ka sa 200x57, bayan keken zai ɗaga, kuma idan ta miƙe gaba ɗaya ƙarfen da ke riƙe da ita na iya bugun firam. Na taɓa ganin firam na alminiyam da ya tsage saboda haka, mai shi har da hawaye. In canji ya zama dole, nemi 190x51 daidai, ka auna faɗin bushin da ke cikin ramin ƙusar ma.

Mai keken Sharaɗa:
Yayanmu na Hotoro ya faɗi gaskiya, amma ni ina zargin robobin ciki ne. Kayan gwanjo ba a san rabon da a buɗe su ba, ga ƙurar hunturun nan. Kamfanin ya ce a buɗe gwangwanin iskar duk bayan awa 50 na hawa, a wanke, a sa man da ya dace. Don Allah ban da bakin mai ko fetur, suna cinye roba. Ni kullum na dawo sai na goge sandar da tsumma mai laushi, kuma ba na barin mai wankin mota ya nufe ta da ruwan inji.

Ɗan Rijiyar Zaki:
Allah Ya saka da alheri. Na aro famfon wajen wani abokin hawa, psi 95 kawai na tarar a ciki. Sai da na kai 190 zoben ya tsaya a milimita 15, jan maɓallin kuma na matsa ƙas biyu wajen kunkuru. Asabar na bi kunyoyin nan dai, ƙwas ɗin ya ɗauke, har na ƙara nisa. Na fasa sayen Fox. Sai dai yau Talata na sake jona famfo na ga 178. Yoyo ne?

Tsohon mahayi, Hotoro:
Ba lallai ba. Duk sanda ka jona, tiyon famfon kan sha wani abu daga ciki. Mayar da ita 190, kada ka sake jona famfo, Asabar mai zuwa ka auna da zoben. In ya wuce 15 sosai, kawo min keken Hotoro bayan la'asar mu shafa ruwan sabulu a bawul da bakin gwangwanin mu ga inda kumfa zai tashi.