Musayar waƙa: zuciyar dutse da ta koma ta nama

'Yar Zumunta:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Jiya da dare barci ya ƙi zuwa ina ta juya Ezekiyel 36:26 a raina, inda Allah ya ce zai cire mana zuciyar dutse ya sa mana ta nama, sai na ce bari in jefo baiti, wanda abin ya taɓa shi ya amsa da waƙa don Allah ba da dogon wa'azi ba.

Da can kaina kaɗai na sani,
Kukan maƙwabci bai tashe ni,
Da Yesu ya zo ya taɓa ni,
Yanzu ciwon wani kan dame ni.

Malamin Lahadi:
Sannu ƙanwata, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ga tawa daga Luka 10.

Kan hanyar Yariko an yi fashi,
Mutum na kwance ba ya ko tashi,
Firist ya gani ya kauce mishi,
Balawe ma ya wuce ya bar shi,
Basamariye ne ya ɗauke shi.

Mai da ruwan inabi ya zuba a rauninsa,
Ya ɗora shi bisa dabbarsa,
Dinari biyu ya ba mai masauki daga jakarsa,
Ya ce abin da ya ƙaru yana wuyansa.

Ku tuna fa Balawe mai hidima ne a Haikali, dinari ɗaya ladan aikin yini guda ne a lokacin, kuma Yahudawa da Samariyawa ko ga maciji ba sa yi.

Mai Jinya:
Malam ni abin ba a takarda na gan shi ba. Shekara uku ke nan ina jinyar surukata, ɓarin jikinta ya shanye, matar da da ko gaisuwata ba ta amsawa kuma ni ma gaskiya na riƙe ta a zuciya sosai, ina zuwa coci ina waƙa amma abin na nan daram.

Da asuba ni ke juya ta,
In canza zanin da ta ɓata,
In wanke gyambon da ke bayanta,
In kai cokali a hankali bakinta,
Matar da da ba na son ganinta.

Ran da na gaji sai na tuna su,
Almajirai da ƙura a ƙafarsu,
Ubangiji ya durƙusa gabansu,
Da tawul da daro ya wanke musu,
Har Yahuza maci amana yana cikinsu.

Ɗan Mawaƙa:
Mama kin sa idona ya kawo ruwa. Ni har yanzu ban kai nan ba, Yakubu 2 kamar da ni yake magana.

Ran Lahadi muryata har sama,
Litinin mabukaci ya yi sallama,
In ce masa tafi cikin salama,
Hannuna a aljihu, ban ba shi ba ma,
Ashe bangaskiyar ta mutu tun tuni ma.

To ya mutum zai yi ya canza? na sha ɗaukar alkawari, kwana biyu in koma gidan jiya.

Dattijon Ikkilisiya:
Ɗana, ka fara daga inda bai kamata ba. Alkawarinka ba shi ne farko ba, 1 Yohanna 4:19 ta ce muna ƙauna ne don shi ya fara ƙaunarmu. Dubi Zakka mai karɓar haraji.

Zakka ya tara abin duniya,
Gajere ne sai ya hau bishiya,
Yesu bai yi masa tsawa ba ko ɗaya,
Gidansa ya sauka, mutane na ta hayaniya,
Nan take ya ce matalauta ga rabin dukiya,
Wanda na cuta ninki huɗu zan biya.

Ka ga ba wanda ya tilasta masa, karɓarsa da aka yi ita ta buɗe hannun. Haka Fada Damiyan ɗan ƙasar Beljiyam, a 1873 ya tafi tsibirin Molokai a Hawai inda ake kai kutare a ware su, da hannunsa yake ɗaure musu gyambo ya gina musu gidaje ya haƙa wa matattunsu kabari, har cutar ta kama shi ya rasu a can a 1889. Wa zai yi shekara 16 a haka don a yabe shi?

'Yar Zumunta:
Baba na gode. Kun manta mana da Tabita ta Yafa, Ayyukan Manzanni 9, mace ce da allura da zare kawai.

Ran da Tabita ta kwanta dama,
Gwauraye suka cika ɗakin sama,
Suna nuna wa Bitrus riguna da dama,
Ita ta ɗinka mana, ga wannan ma.

Ɗan Mawaƙa:
Baba na ji. Akwai wani tsoho kusa da mu, kullum sai na ji tarinsa ta katanga ban taɓa leƙawa ba.

Yau da yamma zan ƙwanƙwasa ƙofarsa,
In zauna in tambayi lafiyarsa,
Ku sa ni a addu'a kar in fasa.

Mai Jinya:
Je ka ɗana, ko bai yi maka fara'a ba ka koma gobe. Tawa sai da ta yi wata takwas kafin ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, bakinta a karkace ta ce 'yata.

Ban san lokacin da na yi kuka ba,
Ban kuma tuna da laifinta ba.

Bari in tashi, ga ta can tana kira, lokacin maganinta ya yi.