Challenger, Mustang ko Camaro: mota ɗaya nake so ta kai ni aiki, ta kuma shiga filin tsere

Baban Ilham, Katy, Texas

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Wata uku da suka wuce wani abokin aikina ya ja ni filin MSR Houston da ke Angleton, a ranar da ake buɗe wa masu motocin gida su shiga su koyi tuƙin gudu. Ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na biyu, sabon shiga ma da malaminsa a kujerar gefe. Zagaye biyar kacal na yi a gefen abokin nan, amma tun ranar abin ya ƙi barin raina.

Yanzu na yanke shawarar sayar da Accord ɗina in sayi mota mai babban inji V8 wadda aka taɓa hawa. Abin da zan iya kashewa bai wuce dala 42,000 ba. Uku nake dubawa: Dodge Challenger Scat Pack, Ford Mustang GT ta 2018 zuwa sama, da Chevrolet Camaro SS. Damuwata ita ce mota ɗaya zan iya riƙewa. Ita za ta kai ni aiki kullum ta babban titin I-10, cikin gosulon da duk mazaunin Houston ya sani, kuma da ita nake son shiga fili sau biyar ko shida a shekara. Maman Ilham tana da tata babbar motar, amma Talata da Alhamis ni nake ɗauko yara daga makaranta, ɗaya shekara 7, ɗaya 4.

Zuciyata ta fi kwanciya da Challenger. Ta fi su ƙarfin doki, 485, kuma ita ta fi cika min ido. Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya kafin in zuba kuɗina.

Ɗan Zazzau, Dallas

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da shigowa. Shekara huɗu ke nan ina shiga fili da Camaro SS 1LE, wato samfurin SS da kamfani ya shirya don filin tsere, saboda haka ka san ɓangaren da nake tun kafin in fara.

Ka ajiye maganar ƙarfin doki tukuna. Scat Pack tana da 485, Mustang ta 2018 tana da 460, Camaro tana da 455. A takarda Challenger ce gaba. Amma ɗora su a sikeli: Scat Pack ta haura fam 4,200, Camaro kuwa fam 3,700 da 'yan kai. Bambancin ya kai fam ɗari biyar, kamar ka ɗauki ƙarti uku a mota ka ce za ka yi tsere da su. A miƙaƙƙen titi ba za ka ji ba. A fili irin MSR mai kwana 17 cikin mil 2.38, kowace kwana sai ka tsayar da nauyin nan, ka juya shi, ka sake tayar da shi. Birki ne da tayoyin gaba ke biyan wannan bashi, kuma da zafi suke biya.

Zafi shi ne abin da sabon shiga ba ya lissafawa. Minti ashirin ake ba kowane rukuni a fili. Kowace mota cikin ukun nan za ta yi maka zagaye biyu masu daɗi. Tambayar ita ce me take ciki a minti na goma sha biyar, a watan Yuli, a Texas. Abin da ya sa nake cewa 1LE ke nan, ba SS zalla ba. Tun daga 2017 da aka fito da ita, daga kamfani take zuwa da birkin Brembo mai fistin shida a gaba, shokozoba mai maganaɗisu da ke canza tauri da kanta, aksul ɗin baya mai rarraba ƙarfi ta kwamfuta, tayoyi masu faɗin 285 a gaba da 305 a baya, da abubuwan sanyaya man inji da na giya da na aksul. Ba sai ka ƙara komai ba. Ƙashin bayanta ma ɗaya ne da na Cadillac ATS, shi ya sa sitiyarinta ke gaya maka abin da taya take ciki.

Aibinta ba zan ɓoye maka ba. Tagoginta ƙanana ne, in za ka canza layi a I-10 sai ka dogara da madubi da kyamara. Bakin but ɗinta ƙunci gare shi. An kuma daina ƙera ta a ƙarshen 2023, don haka masu 1LE mai tsabta ba sa sakin ta da araha.

Alhaji Na Memphis

Ɗan Zazzau, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma kwana shida ka yi wa yaron nan lissafi, ka bar masa sauran kwana ɗari uku da hamsin da tara.

Ƙanena Baban Ilham, ni Scat Pack nake hawa tun 2019. Daga Memphis nake tuƙa ta har Atlanta wajen 'yata, in sauka bayana bai yi ciwo ba. Mutum biyar take ɗauka, waɗancan biyun huɗu ne, kuma huɗun ma na bayan sai dai a lallaɓa. But ɗinta ya fi na Camaro nesa ba kusa ba. Injinta mai lita 6.4 ba ya buƙatar ka matsa masa, daga ƙasa yake da ƙarfi, ga giya takwas ta otomatik mai santsi, wadda a gosulo ni'ima ce. Wadda aka haɗa da otomatik ma tana kashe silinda huɗu in kana tafiya a hankali a babban titi, ta rage maka shan mai.

Ita dai ba don kwana aka yi ta ba, don miƙaƙƙen kwata mil aka yi ta. In irin wannan gudun ne ke burge ka, ga Texas Motorplex nan a Ennis, ka je ka more. In kuwa filin kwana-kwana ne ya shiga ranka kamar yadda ka ce, to ni da nake son motar nan nake gaya maka za ka riƙa sayen taya da birki fiye da abokanka.

Abu ɗaya nake roƙonka a matsayina na babba. Duk wadda ka saya, ƙarfinta a fili za ka gwada shi, ba a kan I-10 ko Beltway da dare ba. Yara biyu ke jiranka a gida.

Makaniken Marietta, Jojiya

Salam. Aikina ke nan, kuma Mustang ta fi shigowa garejinmu a cikin ukun, bari in yi bayaninta tunda ba wanda ya taɓa ta.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar duk GT abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. GT zalla motar titi ce. Wadda ke da Performance Pack, wato ƙarin kayan gudu da kamfani ke sa mata, ita ce ke da Brembo mai fistin shida a gaba, babban lagireto da aksul ɗin Torsen. Kada ka yarda da rubutun talla, ka leƙa ta cikin rim ka ga birkin da idonka, ka kuma nemi takardar kamfani ta lambar VIN, wato lambar shaidar motar. Akwai kuma Performance Pack na biyu, daga 2018 zuwa 2020, mai tayoyin Michelin Cup 2 masu faɗin 305 gaba da baya. Tana kama ƙasa ƙwarai, sai dai ba a sa mata abin sanyaya man aksul da na giya ba, kuma taya mai kamu haka ita ke ƙara musu zafi. Sai a samfurin Mustang Mach 1 ta 2021 aka haɗa komai, da masu sanyayan da giyar hannu ta Tremec. Mach 1 ce tsarar 1LE na gaskiya, amma samunta a kuɗin da ka ambata sai an sha nema.

Injin kuwa, Coyote mai lita 5.0 daban yake da sauran biyun. Na Camaro da na Challenger manyan injina ne masu turawa daga ƙasa. Coyote sai ya hau sama yake buɗewa, har juyi 7,500 a minti, kuma wanda ya ji kukansa a can ya san abin da nake nufi. Daga 2015 Mustang ta rabu da sandar aksul ɗaya a baya, kowace taya ta samu 'yancinta, to tun lokacin ta zama motar kwana ta gaske. Giyar hannu ta GT, wato MT82, masu ita sun daɗe suna ƙorafin taurin shiga in an matsa mata, don haka ka gwada ta da zafinta kafin ka biya. Mai otomatik giya goma ce, wadda Ford da GM suka haɗu suka ƙera, dangin wadda ke cikin Camaro daga 2019.

A ganina Mustang ce a tsakiya. Ana ganin hanya sosai fiye da Camaro, but ɗinta ya fi, har yau ana ƙera ta a Flat Rock da ke Michigan, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. In ka samu mai Performance Pack na ɗaya, ka ware kuɗin sa mata abin sanyaya man aksul daga baya, za ta ishe ka shekara biyu ta farko.

Maman Sadiq, Sugar Land

Yaya Baban Ilham, ni ma ina shiga fili lokaci-lokaci tare da maigida, kuma abu biyu zan ƙara.

Na farko, ranar da za ka je ganin mota ka tafi da kujerar ƙaramin yaron, ka ɗaura ta a baya, ka sa shi ciki ka fito da shi sau uku. Duka ukun ƙofa biyu gare su. Ka zauna a kujerar direba yadda ka saba zama, sannan ka duba ko ƙafar Ilham ta samu wuri a bayanka. Gani ya kori ji. Mu abin da ya raba mu da Camaro ke nan, duk da maigida yana sonta.

Na biyu, inshora. Ka kira kamfaninka da lambar VIN ta kowace mota kafin ka sa hannu, don farashin zai iya ba ka mamaki, musamman motocin Dodge masu babban inji da ɓarayi suka sa wa ido. Kuma inshorar titi yawanci ba ta biyan abin da ya faru a cikin fili. Ana sayen ta rana ɗaya daban, irin ta Hagerty ko Lockton. Motar da za ta kai ka aiki ranar Litinin, kada ka shiga da ita fili ranar Asabar babu wannan.

Ɗan Zazzau, Dallas

Maganar Maman Sadiq ta tuna min abin da ya kamata in fara da shi. Rana ta ta farko a fili, da wata tsohuwar motata, na je da man birkin da ya shekara uku ban canza ba. A zagaye na shida na taka birki a ƙarshen miƙaƙƙe, ƙafata ta tafi kusan ƙasa. Man ya sha danshi, ya tafasa. Allah Ya kiyaye akwai fili a gaba, malamina ya ce in yi ta bugun birkin har ya kama. Laifina ne, ba na mota ba.

Saboda haka kada ka kashe 42,000 ɗin duka a mota. Ka bar dubu huɗu ko biyar a gefe. Man birki DOT 4 mai jure zafi, irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF, fad ɗin birki na fili, hular kwano mai hatimin Snell SA2020, kuɗin shiga, da taya, wadda ita ce mai cin kuɗin gaske. Ka fara da shirin Track Night in America na SCCA ko rukunin sababbi na NASA, duka biyun ƙungiyoyin tseren mota ne. Filin COTA (Circuit of the Americas) da ke Austin kuwa, mai kwana 20 da doguwar miƙaƙƙiyar baya, ka bar ta sai ka yi shekara, don a nan ne birki ke faɗin gaskiyarsa.

Baban Ilham, Katy, Texas

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Alhaji, na ji nasiharka kuma na riƙe. Jiya na zauna na yi wa kaina tambaya, na gane ba gudun miƙaƙƙe ne ya kama ni a Angleton ba, yadda motar ke shiga kwana tana fita ne. To na haƙura da Challenger, ko da yake har yanzu in na ga wucewarta sai na waiga.

Saura biyu. Na samu Mustang GT ta 2019 mai Performance Pack na ɗaya da otomatik, da Camaro SS 1LE ta 2018 mai giyar hannu. Asabar zan je ganin duka biyun, da kujerar yaro a hannuna kamar yadda Maman Sadiq ta ce. Abin da ke damuna da Camaro ɗin shi ne taka kuloci awa guda a gosulo. Malam Makanike, me zan duba don in gane ko an wahalar da mota a fili?

Makaniken Marietta, Jojiya

1LE ta 2018 dama giyar hannu kaɗai ake yin ta, sai 2021 aka fara ba da otomatik, don haka in ita ce, ka gwada ta a cunkoso na gaske, ba a layin bayan dila ba.

Shiga fili ba aibi ba ne in mai motar yana kula da ita. Ka duba faifan birki ko akwai tsaga mai kaiwa baki, ka duba fentin Brembo ko zafi ya ƙona shi ya canza kala, ka shafa gefen tayoyin gaba na waje ko sun cinye sun bar tsakiya. Ka leƙa ƙasa ko akwai alamar an fita hanya an kwashi tsakuwa. Ka tambayi takardun canjin man aksul da na giya, sannan ko an taɓa kwamfutar injin. In an taɓa ta kuma babu takarda, ka juya.

Kafin ka ba da ko sisi, ka kai ta wani gareji da ba na mai sayarwa ba a ɗaga ta. In ka dawo Asabar ɗin, turo min hoton faifan birkin da na tayoyin gaba na duka biyun, zan duba maka.