Nasaba ta wajen uba ko ta wajen uwa?

Ɗan Maiwurno: Assalamu alaikum, malamai. A nan Sudan Larabawa suna jero sunayen uba da kakanni har zuwa tushen ƙabila, ba a ambaton ɓangaren uwa. Shin haka dukkan al'ummu suke ƙirga nasaba?

Malama daga Kassala: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka ba ne. Ashantawan Ghana tsatson uwa suke bi, shi ya sa ɗan 'yar'uwar sarki yake iya gadon sarauta, ɗan cikinsa kuwa ba ya gada.

Malam daga Makka: Mutanen Minangkabau na tsibirin Sumatra a Indonesiya Musulmi ne, amma gida da gonar gado daga uwa suke sauka zuwa 'ya mace. A shari'a dai ana jingina ɗa ga ubansa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta.