Don Allah me za mu kira MOF da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 8 na safe zan gabatar da shiri kan Nobel ɗin kimiyyar sinadarai na 2025 da aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi, na maƙale a kan yadda zan kira abin da ya sa aka ba su, metal-organic framework, wato MOF, wani haɗin sinadarai mai ƙananan ramuka. Ku agaza.

Ƴar Damagaram: Ka ce soson sinadarai kawai, tunda ramuka ne ke zuƙe iska da ruwa.

Malamin Kemistiri: Hajiya soso bai yi ba. Ramukan soso haka nan suka fito, wani babba wani ƙarami, shi kuwa wannan tun kafin a haɗa shi an san faɗin ramin, ka zaɓi ƙarfen da zai zama gaɓa kamar tutiya ko jan ƙarfe, ka zaɓi tsawon sinadarin kabon da zai zama sanda tsakaninsu, sandar ta ƙara tsawo ramin ya ƙara faɗi. MOF-5 da su Yaghi suka fitar a 1999 da tutiya aka yi shi, giram biyu-uku nasa in ka shimfiɗa bangon ramukan sai ya kai filin ƙwallo. Ni tanka nake gani, yadda mai ɗaurin jinka ke auna tazarar itace kafin ya ɗaure.

Baba Mai Nahawu: Ƙarfaraga. Ƙarfe da raga, kalma ɗaya, an gama. Kuma a daina cewa kabon, muna da gawayi.

Malamin Kemistiri: Baba ai in ya ce gawayi masu sauraro murhu za su tuna.

Baba Mai Nahawu: Abin da ke cin harshen nan kenan, kullum aro. Wa ya haifi Bature da kalmominsa? Ƙirƙira ya yi.

Ƴar Damagaram: Baba da girmanka, nahawu ma ai Larabci ne. Kuma mu nan da Faransanci muka yi boko, ba wanda ke tambayarmu in za a yanke kalma.

Mai Shirin Rediyo: Ku yi haƙuri dare na yi. Zan ce MOF sau ɗaya, sai in bi da tankar ƙarfe da kabon mai ramuka, in kawo misalin ruwan da su Yaghi suka tatso da shi daga iskar hamadar Arizona ta Amurka.

Baba Mai Nahawu: Ya yi tsawo. Amma tanka tamu ce, je ka da ita. Ƙarfaraga dai ban janye ba.