Me ya sa dawa ta kumbura cikin ragona?

Mai kiwo daga Gusau: Assalamu alaikum. Na turke rago domin layya, kuma saboda son ya yi ƙiba da wuri na zuba masa dawa mai yawa rana ɗaya. Washegari ya daina tuƙa, gefensa na hagu ya kumbura. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda cikin dabba mai tuƙa yake, domin harawa ba ta taɓa yi masa haka ba.

Malamin kiwon dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Cikin rago, akuya da saniya kashi 4 ne. Na farko shi ne tumbi, wanda ya cika gefen hagu, kuma na babbar saniya yakan ɗauki fiye da lita 100. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suke ruɓar da ciyawa a cikinsa, dabbar kuma ta riƙa dawo da abin da ta haɗiye baki ta sake taunawa, yawun da take haɗiyewa yana rage tsami. Idan hatsi ya shigo da yawa lokaci ɗaya, yakan yi tsami da sauri, waɗannan halittu su mutu, tumbi ya tsaya, iskar da ya kamata ta fita ta gyatsa ta taru. A ganina, wanda ya turke rago tumbin yake ciyarwa kafin ragon. Ku janye dawar, ku ba shi harawa da ruwa, ku kira likitan dabbobi yau, domin wannan yana kisa.

Mahauci: Gaskiya ne, Malam. Kullum muna ganin sauran ukun a mayanka. Na biyu ƙarami ne, bangonsa kamar saƙar zuma, kuma a nan muke tsintar ƙusa da guntun waya, waɗanda kan huda har su kai ga zuciya saboda kusancinsu. Na uku yana da shafi-shafi kamar littafi, yana tsotse ruwa. Na huɗu ne yake narkar da abinci irin yadda namu cikin yake yi. Abin da ya fi damuna shi ne leda, wadda take dunƙulewa a tumbi har dabba ta rame tana ci.

Mai kiwo daga Gusau: Allah ya saka muku da alheri. Na kira likita, kuma idan ya warke zan riƙa ƙara masa hatsin kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3.